Tsuntsu a Sama, Hoto Ya Fito Baƙi: Laifin Wa?

Duk wanda ya taɓa ɗaga kyamara sama ya bi shirwa da ita ya san wannan takaicin. Idonsa ya ga tsuntsuwa mai ruwan ƙasa, bakinta rawaya, jelarta a tsage, gashin ƙarƙashin fiffikenta a jere layi-layi. Ya danna, ya sauke kyamara ya duba, sai ya tarar da wani baƙin abu mai fukafukai biyu, ba ido ba baki, a tsakiyar sama mai launin toka. Ya sake gwadawa da balbela tana gilmawa ta gaban itatuwa, wannan karon kuma ta fito fara fat, babu ko zanen gashi ɗaya a jikinta. Wuri ɗaya, safiya ɗaya, kyamara ɗaya, amma shirwa ta nutse cikin duhu, balbela ta ƙone.

Hukuncin da aka fi yankewa a nan shi ne kyamarar ce ba ta kai ba. Daga nan sai a shiga intanet ana duba farashin sababbin kyamarori da dogayen gilasai, a buga lissafin dala da naira, a ga abin ya kamo kuɗin mota, jiki ya yi sanyi, a mayar da kyamara jaka sai ranar suna ko ɗaurin aure. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 wannan lissafi ya ƙara zama na karya gwiwa. Amma hukuncin kuskure ne, kuma kuskure mai tsada, domin yana raba matasa da sha'awar da ƙasar nan ke matuƙar bukatar masu yinta. Mafi yawan hotunan tsuntsu a sama da ke lalacewa, wajen awon haske suke lalacewa, shi kuwa awon haske ilimi ne da ake koyo da tsohuwar kyamara ta hannu a bakin kowace bola.

Kyamara ba ta san tsuntsu ba. A cikinta akwai ma'aunin haske wanda aikinsa shi ne ya tattara hasken da ke dawowa daga duk abin da gilashi ya hango, ya daidaita shi ya koma matsakaici, toka-toka, irin launin katin gwajin nan na masu sana'a da ke mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Idan fili ya haɗa ciyawa da ƙasa da mutane da ɗan sararin sama, wannan ƙa'ida tana aiki lafiya lau. To amma shirwar da ke shawagi ɗan ƙaramin gefe ta ci a hoton, sauran duk sama ce mai haske. Ma'auni ya ga haske ya yi yawa sai ya rage, sama ta koma toka, tsuntsuwar da dama cikinta a inuwa yake ta koma baƙa ƙirin. Na balbela akasin haka ne. Duhun ganye ya cika hoton, ma'auni ya ƙara haske don ya fito da ganyen, farin gashinta ya wuce iyakar abin da kyamara za ta iya riƙewa.

Masu ɗaukar hoton biki a Kano da Zariya da Maraɗi sun daɗe da sanin wannan matsala, ko da ba su taɓa ɗaga kai sun kalli tsuntsu ba. Ango baƙi cikin farar shadda da ta sha bugu, ga ranar azahar: a bi ta fuska, aikin wuyan riga ya ɓace, a bi ta riga, fuska ta dushe. Wanda ya ƙware ba ya barin kyamara ta yanke masa wannan hukunci. Bambancin kawai, ango yana tsayawa a gyara, hasbiya kuwa daƙiƙa biyu take bayarwa ta wuce.

Maganin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne maɓallin nan mai alamar +/-, wanda da shi ake ce wa kyamara ta ƙara ko ta rage a kan abin da ta auna. Ana lissafin haske mataki-mataki ne, kowane mataki ɗaya ninki ne ko rabi. Tsuntsu mai duhu a farar sama yakan bukaci ƙarin mataki ɗaya zuwa biyu; in sama shuɗiya ce tas, ƙasa da haka ma ya isa. Farin tsuntsu a gaban duhu kuwa ragi yake so, kusan mataki ɗaya. Wannan yana aiki, kuma ya kamata kowa ya san shi. Sai dai tsuntsu ba ya zama a bango ɗaya. Balbelar da ta taso daga bayan shanu za ta bi ta gaban busasshiyar ciyawa, ta ratsa gaban darbejiya, ta fita sarari, duk kafin mutum ya ja numfashi biyu. A kowane wuri ma'auni yana canza shawara, kuma babu yatsan da zai juya maɓalli daga ragi zuwa ƙari da wannan saurin yana kuma bin tsuntsu da gilashi.

Shi ya sa mai wannan shafi ke tare da masu cewa a juya kyamara zuwa harafin M, mutum ya riƙe awon da hannunsa. Sababbin shiga suna tsoron harafin nan, suna ganin na manya ne, alhali a wannan fage shi ne hanya mafi sauƙi. Hasken da ke sauka a jikin tsuntsu rana ce ke ba da shi, abin da ke bayansa ba ya ƙara masa ba ya rage masa. Muddin rana ba ta shiga gajimare ba, mai hoto kuma bai juya ya fuskance ta ba, awon da ya yi wa balbela daidai a sarari shi zai yi mata daidai a gaban itatuwa, shi zai yi mata daidai in ta sauka bayan saniya. Bango na iya yin duhu ko haske, tsuntsuwar dai tana nan yadda take.

Abubuwa uku ake ɗaurewa: saurin ƙiftawar kyamara, faɗin ƙofar gilashi da ake rubutawa da harafin f, da lambar ISO, wato ƙarfin kyamara na jin haske. Akwai tsohuwar ƙa'ida tun zamanin fim da ke ba da mafari. A rana tsaka mai haske tas, in ƙofa tana f/16, ƙiftawa takan zama ɗaya bisa lambar ISO. Wato a ISO 400, f/16 na tafiya da 1/400. A buɗe ƙofa zuwa f/8, ƙiftawa ta koma 1/1600. A kai f/5.6, ta koma 1/3200. Da sassafe hasken bai kai haka ba, sai a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. Bayan an ɗaure, sai a gwada a kan wani abu da ke cikin hasken da tsuntsu zai shigo: ganyen darbejiya da rana ta haska, ko jan bangon ƙasa. Daga nan a nemi wani farin abu, ko da farar hular abokin tafiya ce, a ɗauka a duba. In saƙar hular ta fito, gashin balbela zai fito. Duk wannan ana yinsa ne kafin tsuntsu ya bayyana, kuma rana na hawa ana sake dubawa lokaci-lokaci.

Batun saurin ƙiftawa shi ma wuri ne da ake yawan yin rowa. Shirwa ko ungulu da ke shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba, 1/1000 zuwa 1/1600 na iya tsayar da ita. Balbela da dinya masu kaɗawa suna son kamar 1/2000. Hasbiya da tsattsewa kuwa sai 1/3200 ko sama. Abin da ke hana mutane kaiwa nan shi ne tsoron ISO, don an gaya musu lamba mai yawa tana sa hoto ya yi yashi-yashi. Gaskiya ne tana sawa. Amma yashi ana rage shi a kwamfuta, fiffiken da ya gauraye kuwa ya tafi ke nan. Ƙari a kan haka, musamman a tsofaffin kyamarori, hoton da aka ɗauka da duhu a ƙaramar ISO aka zo ana jan haskensa daga baya ya fi yin yashi da ɓacin launi a kan wanda aka ɗaga masa ISO tun a fili.

Mai cewa sai da kayan miliyoyi ya tuna cewa wannan aiki ya girmi duk kayan da yake hange. A 1882 Étienne-Jules Marey, masanin kimiyya ɗan Faransa, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya don ya fahimci yadda fiffike ke motsi. A 1884 Bajamushe Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan farar shamuwar Turai tana tashi tana sauka a sheƙa, a kan farantan gilashi, babu na'urar da ke kamo masa saiti, babu allon dubawa. Hotunan sun yi kyau har Otto Lilienthal, ɗaya daga cikin waɗanda suka share wa jirgin sama hanya, ya amfana da su. Canon 7D da ta fito a 2009, wadda yanzu ake samu ta hannu, tana ɗaukar hoto 8 a daƙiƙa, tana bin abu mai motsi da kanta. In aka haɗa ta, ko wata tsararta ta Nikon, da gilashi mai kai milimita 250 ko 300, an sami abin da ya isa koyo har ya yi saura.

Makarantar ma ba ta da nisa. Babu tsuntsun da ya kai hankaka wahalar awo, ga shi kuma a kowane juji: kai da fukafukai baƙi wuluk, ƙirji da wuya fari tas, duka a jiki ɗaya. Shamuwa, wadda ke isowa garuruwan Hausa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ita ma haka take, baya baƙi mai ƙyallin shunayya da kore, ciki fari. A irin waɗannan babu awon da zai gamsar da baƙi da fari gaba ɗaya in rana ta yi tsaka, dole a zaɓa. Abin da ya kamata a kare shi ne farin. Dalili kuwa, wurin da ya ƙone a hoton dijital babu komai a cikinsa, lamba ce ta kai ƙarshe ta tsaya. Wurin da ya yi duhu kuwa sau da yawa akwai saura a ɓoye da za a iya jawowa. Don haka sai a ƙara haske har farin ƙirji ya zo gab da ƙonewa, a tsaya nan.

Ta yaya za a san an zo gab? Ba da kallon hoton a allon bayan kyamara ba. A cikin rana allon nan yana yaudara, hoto mai kyau ya zama kamar mai duhu, mutum ya yi ta ƙara haske har ya ɓata aikin safiya guda. Kusan kowace kyamara tana da gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo, tana kuma da jadawalin haske, wanda duhu ke hagunsa, haske ke damansa. In tudun jadawalin ya manne da bangon dama, wani abu ya ƙone. Sai a duba ko mene ne. In farar sama ce kawai ke walƙiya a bayan shirwa, a bar ta, ba don sama aka fito ba. In ƙirjin hankaka ne, a rage kashi ɗaya cikin uku na mataki a sake.

Nan ne kuma tsarin ajiye hoto na RAW ke shigowa. Hoton JPEG yana ajiye matakan haske 256 ne kawai a kowane launi, kyamara ta riga ta dafa shi ta zubar da saura. RAW yana ajiye 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar. Wannan rarar ce ke ba mutum damar fito da ƙyallin bayan shamuwa ba tare da cikinta ya ɓaci ba. Yana cin wuri a kati, yana kuma bukatar zama gaban kwamfuta a ƙasar da wuta ba ta da tabbas, amma ga tsuntsu mai baƙi da fari babu abin da ya maye gurbinsa.

Akwai kuma abin da littattafan koyon hoto da aka rubuta a Ingila ko Amurka ba za su gaya wa mutumin Haɗeja ba, wato halin hasken nan ƙasar. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Rana a nan miƙewa take yi sama kusan kai tsaye, ba ta daɗewa a gefe kamar a ƙasashen sanyi. Lallausan hasken da ke shiga ƙarƙashin fiffike ya haska ido, daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Tsakanin nan rana tana bisa ka, bayan tsuntsu na shan haske, cikinsa da mai hoto ke kallo daga ƙasa yana cikin inuwa. Wanda dole ta sa ya yi aiki a wannan lokaci, ya nemi wurin da ƙasa ke mayar da haske sama: farin rairayin kogi, fako, ko busasshiyar fadama. Shirwar da ta bi ta kan rairayi cikinta a haske yake fiye da wadda ta bi ta kan kurmi. Ya kuma sani cewa zafin da ke tashi daga ƙasa da tsakar rana yana sa iska ta riƙa rawa, duk tsadar gilashi ba ya hana abu mai nisa fitowa a dagule.

Hunturu, lokacin da baƙin tsuntsaye suka fi yawa, yana zuwa da nasa hukuncin. Hazo yana mayar da sama fara, wanda ke ƙara ruɗa ma'aunin kyamara, yana cinye launi da kaifin duk abin da ya yi nisa, yana kuma sa saiti ya riƙa kai da komo yana neman abin kamawa. Amma ga tsuntsun da ke kusa, hazo alheri ne. Yana tace rana, inuwa ta yi laushi, tazarar baƙi da fari ta ragu, har hankaka ya fito da ido da ƙirji a hoto ɗaya. Hasken ya ragu da mataki ɗaya ko fiye, sai a biya da ISO. Ƙurar kuwa abokiyar gaba ce ta daban: kada a cire gilashi a fili, domin duk ƙwayar da ta shiga za ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin hoto, musamman in an tsuke ƙofa zuwa f/11 ko f/16.

Iskar hunturu tana da wata kyauta da ba kowa ya lura da ita ba. Tsuntsu yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma da safe daga gabas take. Mai hoton da ya tsaya a gabashin tafki ya ba wa rana baya, ya ba wa iska baya a lokaci guda, sai kirinjijiya da dinya su riƙa saukowa suna fuskantarsa, fukafukai a buɗe, gudu ya ragu, haske a ƙirji. Da damina iska takan juyo daga kudu maso yamma, sai yamma ta fi safiya. Zaɓen wurin tsayawa kaɗai yana warware rabin matsalar awo tun ba a taɓa maɓalli ba.

Sauran kuwa aikin jiki ne. A sa saiti mai bin motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony. A kamo tsuntsu tun yana nesa, a ware ƙafafu, a juya daga ƙugu, a ci gaba da binsa ko bayan an danna. A riƙa sakin hoto uku-uku ko huɗu-huɗu maimakon danne maɓalli har kati ya cika.

Harafin M ba ya maganin komai, kuma rashin adalci ne a ce yana yi. Da damina, ranar da gajimare ke wucewa guntu-guntu, haske na iya sauyawa da mataki biyu cikin ƙanƙanin lokaci. A nan gara a ɗaure ƙiftawa da ƙofa, a bar ISO ta riƙa sauya kanta, a taimaka mata da maɓallin +/-. Haka nan gaskiya ne sababbin kyamarori marasa madubi sun sauƙaƙa abubuwa: tun wajen 2020 akwai masu gane tsuntsu su kama idonsa da kansu, kuma mutum yana ganin yadda hasken zai fito tun kafin ya danna. Wanda Allah ya hore wa, ya saya. Amma su ma da ma'auni suke aiki, farar sama tana jan su, kuma wanda bai san dalilin da ya sa shirwa ke fitowa baƙa ba zai ci gaba da samun baƙar shirwa, sai dai wannan karon mai kaifi.

Me ya sa jarida za ta ɓata shafi a kan wannan? Domin hoton tsuntsu a arewacin Najeriya ya wuce ado, shaida ne. Ƙasar nan tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900. Dausayin Haɗeja da Nguru kaɗai, inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke bazuwa kafin su zama Komadugu Yobe, an ga fiye da 350 a cikinsa, ciki har da agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk shekara. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2000. Dausayin Dagona da na Baturiya suka biyo a 2008. Wannan dausayi yana canzawa a idon mutanensa. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa, ganinsa a dajin Najeriya ya zama abin labari.

Ungulu ta fi ba da tsoro. Dattawa sun san lokacin da babu mahautar da ba ta cika da ita ba, yanzu akwai yaran birni da ba su taɓa ganinta ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'o'in ungulun Afirka huɗu a jerin masu gab da ƙarewa, har da wadda aka saba gani a kasuwanni. Guba da cinikin sassan jikinta don magani da tsafi suna cikin manyan dalilai. To, wanda ya hango ungulu a sama yau ya ga abin da ya cancanci a rubuta, amma wace iri ce? Amsar tana ƙarƙashin fiffike. Babbar mai farin baya tana da farin fili a gaban fiffikenta ta ciki, ta Rüppell tana da siraran layuka masu haske, ta cikin gari kuwa duhu ne da ɗan hasken azurfa a dogayen gashin. Haka shirwa: babbar ta gida bakinta rawaya ne, baƙuwar da ke zuwa daga Turai bakinta baƙi. Baƙin hoto ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mataki biyu na haske shi ne tsakanin hoton da masani zai karɓa da wanda zai ajiye gefe.

Masu karɓar kuwa suna nan. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana horar da masana tun farkon shekarun 2000, kuma a 2015 aka fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya dogara da 'yan sa-kai. An raba ƙasa gida-gida, kowane kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, mutum ya zagaya ya rubuta abin da ya gani a manhajar waya. Akwai tawagar Arewa a cikin aikin. Idan wani ya ce ya ga tsuntsun da ba a saba gani a yankinsa ba, abin da masu tantancewa za su fara tambaya shi ne hoto.

Wannan nauyi yana zuwa da ladabi. Ba a jifan garke don ya tashi a sami hoto. Baƙon tsuntsun da ke kiwo a bakin tafki kitsen ƙetare hamada yake tarawa, kowane tashi na banza ragi ne a guzurinsa. Ba a matsa wa sheƙa. Wanda ya dace da sheƙar ungulu kada ya sa sunan ƙauyen a Facebook, domin ba masu sha'awa kaɗai ke karantawa ba. Ya kai wa masu bincike kai tsaye. Sannan a halin tsaron da ake ciki, baƙo da dogon baƙin abu a kafaɗa abin zargi ne, kuma mutane suna da hujja. Matashin da ya fara zuwa ƙofar bulama ko mai unguwa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsayen fadamarku muka zo gani," ya juya kyamara ya nuna wa dattawa dinyar da ya ɗauka jiya, yakan tashi da ɗan rakiya. Sau da yawa ma wani tsohon masunci zai ce masa, "Yaro, ba nan za ka tsaya ba, ta bayan giginyun can suke shigowa in rana ta yi sanyi." Wannan ilimi babu shi a cikin kowace kyamara. A wuraren da ke ƙarƙashin hukuma, irin Dagona da ke cikin gandun Chad Basin, izini da rakiyar ma'aikacin daji wajibi ne.

Abin da ya rage shi ne a haɗa hannayen da ke warwatse. Masu nazarin halittu a jami'o'in Arewa sun san tsuntsu, da yawansu ba su san awo ba. Ɗaliban aikin jarida da masu hoton biki sun san awo, ba su san abin da ke wucewa ta kansu ba. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tana maƙwabtaka da Dagona, ta Dutse tana jiha ɗaya da Baturiya, Bayero da Ahmadu Bello kuwa suna da sassan biyu duka. Fita ɗaya a wata, ranar Asabar da asuba, da kyamara uku ko huɗu ana karɓa-karɓa, ba ta bukatar kasafin kuɗi. A fara da hankakin bayan ɗakin kwanan ɗalibai, in hunturu ya shigo a nufi dausayi. Kafin a fita kuma kowa ya gyara agogo da kwanan watan kyamararsa, ya rubuta sunan wurin a littafi, ya adana ainihin fayil ɗin RAW a wuri biyu, domin kwafin da ya bi ta WhatsApp ya riga ya rasa kaifinsa da bayanan ranar da aka ɗauke shi.